Gwangwanin da Si Mukran Ya Rufe

Ni na ƙera gwangwanayen nan biyu, daga sandar ƙarfe ɗaya. Kowanne tsawonsa ɗan yatsa, bangonsa siriri kamar ɓawon albasa. Ammi Bu'alam, shugaban maƙerarmu, ya ɗaga su a haske ya jujjuya, ya ce ko uwar da ta haife su ba za ta bambanta su ba, ya raɗa musu Hasan da Husaini. Sunan ya bi su har cikin littafin aiki.

Abin da ake yi da su a cibiyarmu ta bayan birnin Aljas ba shi da wuyar faɗa. Tukunyar nukiliya tana fitar da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutron, ido ba ya ganinsu. Ana koro su ta bututu su daki abin da aka zuba a gwangwani, su tarwatse, na'ura ta ƙirga inda kowanne ya faɗa. Daga yadda suka watsu ne masana ke gane yadda ƙwayoyin abu suke zaune da junansu. Sai dai nutron bai san abin da kake nema ba. Yana dukan kayanka, yana dukan gwangwanin, har iskar ɗakin bai bari ba. Don haka doka ta farko a wurinmu ita ce: ka auna gwangwani da kaya, ka zubar, ka wanke, ka auna shi fanko, sannan ka ɗebe na biyu daga na farko. Abin da ya rage shi ne naka.

Tukunyar kuwa kwana biyu take aiki a mako, in ta yi. Mutum yakan jira wata uku kafin a ba shi awa shida. Shi ya sa aka ƙirƙiro dabarar tagwaye. A ƙera biyu iri ɗaya, a auna ɗaya fanko tun da safe yayin da ake cika ɗayan, ba sai an tsaya wanki da shanya ba. Kowa yana yi. Mutum ɗaya ce ba ta yarda da shi ba, Dakta Wardiya, wadda ta shekara talatin tana gyaran lissafin na'urar. Ita ke cire rabon gwangwani, ta mayar da rabon nutron ɗin da kaya ya haɗiye, ta rage waɗanda suka yi karo sau biyu kafin su fito. Takan ce tagwaye ma kowanne da kabarinsa.

Mijinta shi ne Si Mukran. Dogo ne, rigarsa kullum da tabon kofi, kuma shi kaɗai ne cikin manyan da ke saukowa maƙera ya zauna kan akwatin ƙusoshi a yi hira da shi. Yana kirana Usta Lunis, wato gwani, alhali ni na bar makaranta tun ina sha biyar, na yi gareji, na yi jirgin kamun kifi, na yi gidan burodi, ban taɓa cika shekara a wuri ɗaya ba sai nan. Shekara tara yana bin wata ciyawar sahara da ke bushewa ƙarau, in ta sami ruwa ta farfaɗo. Ya yi imani akwai wani abu a jikinta da ke kewaye ruwa kamar zobe ya riƙe shi. Ya tatse abin, ya tace, ya sake tacewa, shekara biyu cur, ya sami abin da bai cika cokalin shayi ba, mai danƙo kamar zuma.

Ranar da aka ba shi awanninsa, Dakta Wardiya tana ƙauyensu a kan duwatsu, tana jinyar mahaifiyarta. Husaini na cikin na'ura tun ƙarfe takwas ana auna shi fanko. Ni kuma ina maƙera ina gwajin ƙarshe, na tsoma Hasan a ruwa na hura masa iska. Sai ga kumfa, ɗaya, ƙarama, daga gefen ɗinkin walda. Na sake hurawa. Ta sake fitowa.

Gyaran gaskiya kwana uku zai ci, ga iskar walda ta ƙare mana. Na ji tarin Si Mukran a matakala, tarin nan da ya soma tun kaka. Ban yi dogon tunani ba. Na kwaɓa gam ɗin da muke liƙa ƙarfe da shi, na lakato da tsinken waya, na zura ciki na shafa wa wurin, na busar da iska mai zafi. Na ce a raina ai ramin yana can ƙasa, nutron ta sama za su wuce.

"Usta, ina angon?" in ji shi daga ƙofa.

"Ga shi, Si Mukran."

"Lafiya lau yake?"

"Lafiya lau."

Ya cika shi da hannunsa, ya ɗaure murfin, ya rubuta kwanan wata a gindinsa da jan alƙalami.

Da la'asar ya sauko a guje, takarda a hannu, yana haki. Layi ne ya taho a kwance, ya yi tozo a tsakiya kamar na raƙumi, ya sake kwantawa. Ya dangwala yatsa a kan tozon, ya ce ga zoben nan, shekara tara ga shi nan. Ya rungume Ammi Bu'alam, ya sumbaci goshina, ya aika aka sayo makrut, alkakin nan mai dabino a ciki, tire guda aka raba har masu gadi. Na ci biyu. Na gaya wa kaina gam ɗan mitsitsi ba zai yi tozo ba.

Bayan wata biyu muka binne Si Mukran a ƙauyensu, ƙarƙashin itatuwan zaitun. Huhu ne.

Wata goma sha huɗu suka wuce. Ran wata Lahadi da safe, farkon mako, Dakta Wardiya ta sauko maƙera, abin da ba ta saba ba. Ta rame, gyalenta ya yi mata yawa. Ta buɗe wani ƙyalle a kan teburina, sai ga Hasan, da jan rubutunsa.

"Ɗana, ina so ka yi mini ɗan mazauni na tagulla, wanda zai tsaya a kai. Ran ashirin ga wata za a sa wa ɗakin taro sunan Mukran. Za a ajiye wannan a cikin gilashi, da zanen tozon a gefensa."

"To, Dakta."

"Na gama rubuta takardar. Ranar zan aika wa mujalla. Sunansa ne a farko." Ta ɗan yi murmushi. "Shekara talatin ina cire masa abubuwa daga lissafi, yana cewa ni ce mai kashe masa daɗi. Wannan karon na duba ta ko'ina, tozon ya ƙi tafiya. Ya ci ni."

Ta hau sama. Na ɗaura tagulla a inji, na lalata guda biyu a jere.

Da rana muka fita cin karantika, wata irin wainar garin wake, wurin mai keken da ke bakin ƙofa. Ammi Bu'alam ya karɓi nasa a cikin burodi, ya barbaɗa yaji, ya dube ni.

"Kai, tun safe kana yawo kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Wace yarinya ce?"

Na gaya masa duka. Ya daina tauna.

"Gam? A cikin gwangwanin awo? Kai jakin ina ne?"

"Na ɗauka ta sama za su wuce, Ammi."

"Ka ɗauka! Gam da nutron ke gani kamar fitila a duhu? Sau nawa na hana ka ko taɓa gwangwani da hannu mai maiƙo?" Ya waiga ya ga ko akwai mai jinmu, ya rage murya. "Wa ka gaya wa?"

"Kai kaɗai."

"To ya tsaya nan. Ci abincinka."

"Za ta aika takardar."

"Ta aika mana. Mutum nawa ne a duniya za su karanta labarin ciyawa? Bakwai? Biyu daga ciki sun mutu. Matar nan abin da ke tashinta da safe ke nan. Ka je ka ƙwace, ka ba ta me? Kuma kai, ka san ƙofar nan da ka shigo ta ita za ka fita. Ka koma wanke kifi."

"In wani ya sake awon a wata ƙasa fa, bai ga tozon ba? Sunan wa za a kira?"

Ya miƙa wa mai keke dinarinsa, ya goge gashin bakinsa, ya ce, "Mai yiwuwa ma tozon na gaske ne."

"Mai yiwuwa."

"To?"

"To ban sani ba, Ammi. Ita ma ba ta sani ba, amma ta ɗauka ta sani."

Kwana uku ina kaiwa da komowa. Na gama mazaunin, na goge shi har yana ɗaukar ido. Na rubuta takardar barin aiki na yaga. Na je tasha na tambayi motar da ke zuwa birnin Wahran mai nisa, don gudu shi na fi iyawa. Ran Laraba na ɗauki mazaunin da Hasan na hau sama. Ammi Bu'alam ya ga na nufi matakala, ya yi tsaki, ya cire rigar aikinsa ya biyo ni.

Ofishinta har yanzu tebur biyu ne. Nasa yana nan yadda ya bari, da kofinsa, da busasshiyar ciyawar a cikin faranti. Na ajiye kayan, na tsaya, na faɗa tun daga kumfar har zuwa "lafiya lau". Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Ta daɗe tana kallon gwangwanin.

"A ina ramin yake?"

Na nuna da farce. Ta ɗauko ma'auni ta auna daga gindi, ta buɗe wani littafi ta duba faɗin hanyar da nutron ke bi. Ta rufe littafin a hankali.

"Yana ciki," in ji ta. "Da kaɗan, amma yana ciki."

"Dakta," in ji Ammi Bu'alam, "yaron nan wawa ne, amma hannunsa na da kyau. Bari ya ƙera wani, ya shafa masa gam irin wancan, a auna shi fanko. Ba sai an taɓa na marigayi ba."

Ta juyo gare ni. "Ka auna nauyin gam ɗin da ka shafa?"

"A'a."

"Kaurinsa fa?"

"A'a, Dakta."

"To ka ji, Si Bu'alam. Tagwaye ne suka kawo mu nan, kana so in ƙara na uku."

"A juye kayan a wani wuri mana, a adana."

"Ya daskare tun bara. Ba ya fita sai da ruwan ɗumi, in kuwa ruwan ya taɓa shi ya tashi daga aiki." Ta shafa jan rubutun da babban yatsa. "Wannan ne kaɗai. Babu wani a ko'ina."

Na ce, "Ki yafe mini."

"Kada ka roƙe ni yanzu, ba zan iya ba ka amsar kirki ba." Muryarta ba ta tashi ba. "Kuma ba kai kaɗai ba ne. Na buɗe littafinsa tun makon da na dawo daga zaman makoki. Na ga ya rubuta, fanko: Husaini. Da ɗalibi ne ya kawo mini haka, da na jefa masa takardarsa ta taga. Na gani, na juya shafin."

Ta ce mu tafi. Da muka kai ƙofa na waiga, na ga ta zauna a kujerarsa, ba tata ba.

Ban san yadda ta yi da kwanakin da suka biyo ba. Abin da na sani shi ne ran Litinin sunanta ya fito a allo: awa uku, Talata, ƙarfe tara. Wani ɗalibi mai awon siminti ne ya bar mata rabin lokacinsa. Ta aiko a ce in zo ɗakin wanki da yamma kafin a tashi.

Na same ta da safar hannu, ta jera kwalbar shara mai lamba, da butar ruwan ɗumi, da sirinji. Ta miƙo mini gwangwanin da sifana.

"Kai ka san zaren murfin. Buɗe."

Ya ɗaure shi tam. Ban taɓa zaton akwai sauran ƙarfi haka a hannunsa a lokacin ba. Sai da na sa ƙarfi sau biyu kafin ya saki. Wani ɗan ƙamshi ya fito, kamar na ciyawa bayan yayyafi. Ta ja numfashi ta riƙe.

Wankin ita ta yi da kanta. Ta zuba ruwa, ta jira, ta zuƙe, ta tsiyaye a kwalba. Na farko ya fito ruwan kasa-kasa, na biyu kamar shayi marar ƙarfi. Ta yi sau bakwai, har ya fito garau. Tana yi tana magana, ba da ni ba sosai.

"A Tamanrasat ya fara ganin ciyawar, wurin wata tsohuwa a kasuwa. Ya sayi buhu guda. Muka taho da shi a mota kwana biyu, ni a baya da buhu, akwatina a kan cinyata. Na ce masa, Mukran, mutane na kawo wa matansu azurfa daga nan."

Ta rufe kwalbar. Doka ba ta yarda a fita da abin da ya shiga na'ura ba, sai dai a kai shi rumbun shara na cibiya. Ta cika takardar jikin kwalbar da rubutunta mai kyau, ta tsaya a layin da aka ce a rubuta sunan mai kaya, ta rubuta nasa. Sannan ta haska cikin gwangwanin da 'yar tocila. Gam ɗina na nan, ɗan tabo ruwan toka, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Washegari ƙarfe tara aka sa Hasan a na'ura, fanko. Muka zauna a ɗakin kwamfuta mu uku. Ammi Bu'alam ya kawo kofi a ƙananan kofunan gilashi, ba wanda ya sha. Ƙwayoyin suna taruwa a allo kaɗan-kaɗan, da farko kamar an watsa gero. Awa ɗaya ba a gane komai. Cikin awa ta biyu tsakiyar layin ta soma ɗagawa.

"Wannan ƙura ce kawai," in ji Ammi Bu'alam. "Ko ba haka ba, Dakta? Zai kwanta."

Ta ci gaba da kallon allo. Ƙarfe sha biyu aka rufe bututu. Ta ɗauko awon Si Mukran, ta ɗora sabon a kai, ta yi duk gyare-gyarenta ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba, har da waɗanda ta san ba za su canja komai ba. Sannan ta ɗebe.

Layin ya taho a kwance, ya wuce tsakiya a kwance, ya ƙare a kwance.

Ammi Bu'alam ya cire hularsa. Ni na ji ƙafafuna na neman ƙofa, na danne su.

Ta buga takardar, ta riƙe ta da hannu biyu tana dubawa, kamar mai neman wani a hoton taro.

"Ya yi murna ranar?" ta tambaya. "Ta waya ya gaya mini, layin na yankewa. Ban ga fuskarsa ba."

"Ya yi, Dakta," na ce. "Da gudu ya sauko. Ya sayi makrut har masu gadi."

"Da ciwon sukarinsa."

"Huɗu ya ci," in ji Ammi Bu'alam. "Na ƙirga."

Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Ta juya mana baya ta fuskanci allo, muka bar ta har kafaɗunta suka daina rawa.

An yi taron ran ashirin ga wata. An sa sunansa a ƙofar ɗakin, an yi jawabai, an sha lemo. Akwatin gilashin da aka tanada ya zauna da farantin busasshiyar ciyawa kawai, babu zane. Da aka ba ta magana ta ce Si Mukran ya nemi wani abu shekara tara, awon ƙarshe ya nuna babu shi a inda ya nema, kuma za ta rubuta hakan a shafi biyu da sunansa, don kada wani ya sake ɓata shekara tara a wurin. Mutane suka rasa ko tafi za su yi. Wasu suka yi.

Ba a kore ni ba. Ta rubuta wa shugaban cibiya abin da ya faru, da nata da nawa, aka ba ni takardar gargaɗi, aka kuma hana awon tagwaye. Masu jiran layi sun yi ta zagina a kantin abinci wata guda.

Bayan taron da mako ɗaya ta sauko maƙera da ƙyallen nan. Ta ajiye Hasan a teburina, da mazaunin tagullar a gefensa.

"Ka kankare gam ɗin, ka yi masa walda ta gaskiya. Ɗalibin siminti na bukatar gwangwani."

"Jan rubutun fa, Dakta? Wuta za ta cinye shi."

Ta dubi kwanan watan, ta daɗe.

"Na sani," in ji ta.

Mazaunin ta ɗauka ta sa a jakarta, ba komai a kansa. Na ji takunta a matakala, a hankali, tana tsayawa a kowane hawa. Har yau ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban sake tambaya ba. Na jawo tulun iskar walda, na ɗaure gwangwanin a maƙama, na sauke gilashin fuska.